Italiyancin da za ka kai kukan intanet da shi har a turo mai gyara

Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a masana'antar ƙarfe a gefen Brescia, a arewacin Italiya, ya aiko da tambaya. Ya ce Italiyancinsa bai wuce na wurin aiki da kasuwa ba. Intanet ɗin gidansu ya ɗauke, ya buga wa kamfani waya, na'ura ta yi ta zuba, da aka haɗa shi da mutum kuma abin da ya iya faɗa kawai shi ne "non funziona", wato ba ya aiki. Yana so a koya masa abin da zai ce.

Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Aikina ke nan, tafinta tsakanin mutanenmu da ofisoshi a arewacin Italiya, kuma ina tabbatar maka ba kai kaɗai ba ne. Akwai waɗanda suke ciniki a kasuwa da Italiyanci babu gargada, amma da an ce musu "pronto" a waya sai baki ya mutu. A waya babu fuskar da za ka karanta, babu hannun da zai nuna maka abu, ga shi masu amsa kira sauri suke yi saboda akwai wasu a bayanka suna jira.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne wanda ke amsa kiran ba hira yake yi da kai ba. Tambayoyi ne a jere a kan allon kwamfutarsa, kuma kusan iri ɗaya ne a kowane kamfani: wane ne kai, me ya lalace, tun yaushe, me ka riga ka gwada. In ka shirya amsar waɗannan kafin ka ɗaga waya, aiki ya yi nisa. "Non funziona" ba ta amsa ko ɗaya daga ciki ba, shi ya sa ake ce maka ka kashe na'ura ka kunna, a sallame ka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma kamfani ba zai turo mutum ba sai ka nuna masa wurin da bakinka.

Kafin mu shiga jimloli, ka san cewa bakin Bahaushe ya dace da Italiyanci fiye da yadda mutane suke zato. Wasulansu biyar ne a rubuce, kamar namu. Suna ninka baƙi kamar yadda muke yi a "sannu" da "babba", don haka "rosso" da "attacca" ba za su ba ka wahala ba. Harafin c a gaban e ko i shi ne c ɗinmu na "ciki", a sauran wurare kuma k ne, haka ma ch. Harafin g a gaban e ko i j ne, shi ya sa "giga" ake cewa jiga, "già" kuma ja. Gn kamar ny yake fita. Inda muke tuntuɓe shi ne p da f, sai v da b, kuma zan dawo kansu domin a waya suna jawo asara. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi Faransanci suna da ƙarin sauƙi, don "linea", "fattura" da "connessione" duk sun san danginsu.

To, me ya lalace? Matsalar intanet wuri uku take zama: ko a layin wayar hannu, ko a Wi-Fi na cikin gida, ko a layin da ya shigo daga waje. Kowanne da kalmominsa, kuma in ka gauraya su za a tura ka sashen da ba naka ba.

Na wayar hannu ya fi sauƙi. Abin da muke cewa babu sabis, ko babu rezo, su "non c'è campo" suke cewa, ko "qui non prende", wato nan ba ya kamawa. In data ce ta ƙare, "ho finito i giga". Sau da yawa ma ba lalacewa ba ce, tsarin watan ne bai sabunta ba saboda kuɗin da ke cikin layin bai kai ba, sai ka ga saƙo mai ɗauke da "credito insufficiente". Wannan ba ya buƙatar kiran kowa. Ka shiga tabaccheria, shagon nan mai alamar T babba a ƙofa, ka ce "una ricarica da dieci euro, per favore", ka faɗi sunan kamfanin da lambarka.

Na biyu shi ne Wi-Fi, wanda suke furtawa wai-fai. In intanet yana gudu a falo amma ya mutu a ɗakin kwana, layinka lafiya lau yake. Tsofaffin gidajen Italiya bangonsu kauri ne da shi, na dutse ko jan bulo, sigina ba ya ratsa shi da kyau. Jimlar ita ce "il Wi-Fi non arriva in camera", bai kai ɗaki ba. Kamfani zai ce maka ka fito da modem, akwatin da ke raba intanet a gidan, fili, ka ɗaga shi sama, ko ka sayi "ripetitore", na'urar da ke ƙara masa nisa. In ka nace a turo mai gyara a kan wannan, ana iya sa maka kuɗin zuwansa a takardar biya. Saboda haka kafin ka kira, ka tsaya dab da modem ka gwada, in da hali ka haɗa kwamfuta da kebul. Idan wayarka ta nuna ta kama Wi-Fi amma babu abin da ke buɗewa, to ka ce "sono collegato al Wi-Fi, ma non c'è internet". Mace za ta ce "collegata". Wannan jimla ɗaya tana gaya wa ma'aikaci cewa matsalar ta wuce cikin gidanka.

Na uku shi ne inda ya kamata ka fi ba da ƙarfi, domin shi ne naka bisa ga yadda ka bayyana. A nan ƙananan fitilun modem su ne shaidunka. Kowace ɗaya "spia" ake ce mata, jam'i "spie". Za a tambaye ka "di che colore sono le spie?", wane launi fitilun suke. Kalmomi shida kake buƙata: "verde" kore, "rossa" ja, "accesa" a kunne, "spenta" a kashe, "fissa" a tsaye cak, "lampeggia" tana ƙiftawa, a furta shi lampejja. Ka durƙusa gaban modem da takarda, ka rubuta sunan da ke ƙarƙashin kowace fitila da halin da take ciki. Sai ka iya cewa "la spia Power è verde fissa, la spia Internet è rossa". In faiba ce, wato zaren da ke ɗauko intanet da haske, ta shigo har cikin gida, galibi akwai ƙaramin akwati a bango, ko a jikin modem ɗin kansa, mai fitila da aka rubuta LOS. Idan ta yi ja, hasken da ke tafiya cikin zaren faiba bai iso ba, ko zaren ya karye a wani wuri, ko an taɓa haɗinka a waje. Kashewa da kunnawa ba sa gyara wannan. Da ka ce "la spia LOS è rossa", ma'aikacin da ya san aikinsa ya san sai an turo mutum. Ka kula da siririn zaren nan, kada a lanƙwasa shi bayan kujera, kada yara su ja shi, domin gilashi ne a ciki.

Yana da kyau ka san irin layin da kake biya wa kuɗi, saboda a Italiya kalmar "fibra" ta daɗe tana ruɗa mutane. A 2018 hukumar kula da sadarwa, AGCOM, ta wajabta wa kamfanoni sa alama mai launi a tallansu. Kore mai harafin F faiba ce zalla har cikin gida. Rawaya mai FR gauraye ne, "fibra misto rame", faiba ta tsaya a akwatin kan titi da suke kira "armadio", daga nan tsohuwar wayar jan ƙarfe ta ƙarasa gidanka, ko kuma a ƙarasa ta iska da eriya. Ja mai R jan ƙarfe ne tun daga tushe. Mai layin gauraye gudunsa yana raguwa gwargwadon nisan gidansa da akwatin titi, kuma irinsa ne ya fi jin jiki in ruwa ya shiga mahaɗar waya. Don haka in ka lura da ruwan sama yake ɗaukewa, ka faɗa: "cade quando piove". Wannan bayani ne mai tsada a wurin mai gyara.

Sauran yanayin kuwa gajeru ne. "È lento", yana jan jiki. "Va e viene", yana zuwa yana tafiya. "Cade la linea", layi yana yankewa. "Solo la sera", da yamma kawai. "Ogni dieci minuti", kowane minti goma. "Non va per niente", ba ya yi ko kaɗan.

Tun yaushe? Za ka ji "da quando?" ko "da quanto tempo?". Amsar da ƙaramar kalma "da" ake gina ta, kuma aikatau yana zama a lokacin yanzu, ba a mayar da shi baya. "Sono senza internet da tre giorni", kwana uku ke nan ba ni da intanet. "Da ieri sera", tun jiya da yamma. "Da lunedì mattina", tun Litinin da safe. Ka fi son faɗin rana takamaimai a kan "da tanto tempo", an daɗe, domin rana ce ake rubutawa, kuma da rana ake lissafin diyya daga baya.

Me ka gwada? Nan kalmar "già" za ta yi maka aiki, ma'anarta na riga. "Ho già spento e riacceso il modem", na riga na kashe na kunna. "Ho già controllato i cavi", na riga na duba kebul. "Ho già provato con un altro telefono", na riga na gwada da wata waya. Amma ka yi su da gaske kafin ka faɗa, don suna iya ganin lokacin da modem ya tashi daga can. Ka kuma rarrabe "riavviare" da "resettare". Na farko kashewa da kunnawa ne kawai. Na biyu shi ne soka tsinke a ƙaramin ramin baya, wanda yake mayar da modem yadda ya fito daga kwali, sunan Wi-Fi da lambar sirrin da kuka canza duk su tafi, a koma na jikin takardar da ke manne a ƙasansa. In an ce ka yi shi, ka tabbata takardar nan tana karantuwa tukuna.

Yanzu kiran kansa. Kowane kamfani da lambarsa: TIM 187 ne na layin gida, 119 na wayar hannu. Vodafone 190, WindTre 159, Fastweb 192193, Iliad 177. Kamfanonin nan suna ta haɗewa, Swisscom mai Fastweb ya sayi Vodafone Italia a ƙarshen 2024, saboda haka ka dubi lambar da ke kan takardar biyanka ta ƙarshe ka bi ta. Na'ura ce za ta fara ɗauka. Kada ka yi ƙoƙarin fahimtar duk abin da take cewa, kunnenka ya tsaya kan "assistenza tecnica", taimakon gyara, da "guasto", lalacewa, a furta gwasto, da "linea fissa", layin gida. "Digiti uno" ko "prema uno" na nufin danna ɗaya. In irin wadda ake yi wa magana ce, ka ce "guasto linea fissa", ko "voglio parlare con un operatore", ka maimaita har ta haƙura ta haɗa ka. "Resti in linea" na nufin kada ka kashe.

Da mutum ya ɗauka zai faɗi sunansa da ƙasar da yake amsawa daga ciki. Doka ce ta sa haka tun 2017, kuma in daga wajen Tarayyar Turai yake, misali Albaniya ko Tunisiya, kana da damar neman a mayar da kai ga wanda ke cikin Tarayyar. Ni ban cika ba da shawarar haka ba, don sau da yawa wanda shi ma koyon harshen ya yi ya fi haƙuri da mai koyo.

Ka gaisa da "buongiorno" ko "buonasera", ka bar "ciao" wa abokai. Ana yi wa baƙo magana da "Lei", sigar girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". Jimlarka ta farko ita ce: "Buongiorno, parlo poco l'italiano, può parlare lentamente per favore?" Wato Italiyancina kaɗan ne, ko za a yi magana a hankali. Babu abin kunya a ciki, kuma yawancinsu suna sassautawa. Daga nan za a ce "Lei è l'intestatario della linea?", ko kai ne mai sunan da ke kan layin. Wannan tambaya tana kayar da mutanenmu da yawa, domin gida ɗaya mutum huɗu, layin kuma da sunan wanda ya koma Jamus bara. In ba sunanka ba ne, a kan gyara sukan saurare ka idan kana da bayanan mai layin, amma canza kwantiragi ko rufe shi sai shi. In kun san ba zai dawo ba, ku nemi "subentro", a mayar da layin sunan wanda ke gidan.

Za a nemi "codice fiscale", lambarka ta haraji mai haruffa da lambobi 16, kuma a nan ne p da f, v da b suke cin mutum. Italiyawa da sunayen garuruwa suke fayyace harafi: A come Ancona, B come Bologna, C come Como, D come Domodossola, E come Empoli, F come Firenze, G come Genova, L come Livorno, M come Milano, N come Napoli, P come Palermo, R come Roma, S come Savona, T come Torino, U come Udine, V come Venezia. In ka ce Firenze, ko yaya bakinka ya fitar da harafin, an gane F kake nufi. Sunayenmu cike suke da haruffan da ba su saba da su ba, don haka ka riƙe H "acca", K "kappa", J "i lunga", Y "ipsilon", W "doppia vu". Ka zauna yau ka rubuta codice fiscale ɗinka da sunanka ta wannan hanya a bayan takarda, ka karanta da ƙarfi har ya zauna. In adireshin imel aka nema, alamar @ "chiocciola" ce, a furta kyoccola, ɗigo "punto", ƙaramin layi "trattino", na ƙasa "trattino basso". Lambobi kuma ka roƙa a ba ka ɗaya bayan ɗaya, "un numero alla volta", saboda "sessanta" sittin da "settanta" saba'in ko a kunnen wanda ya daɗe suna rikicewa a waya.

Akwai wani abu da littattafan koyo ba sa shirya mutum a kansa. Ka haddace "spegnere", kashewa, amma ma'aikaci "spenga" zai ce, domin umarni cikin girmamawa yana canza ƙarshen kalma. Waɗannan su ne za ka ji: "spenga" kashe, "riaccenda" sake kunnawa, "stacchi la spina" zare filogi daga soket, "riattacchi" mayar, "prema il tasto" danna maɓalli, "aspetti" jira, "controlli" duba, "mi dica" gaya mini. Amsarka gajera ce, "fatto", an yi, ko "un attimo", ɗan dakata. Shi ya sa ake kira ana tsaye a gaban modem, ba daga cikin bas ko lokacin hutun wurin aiki ba.

Ina roƙonka da babbar murya, kada ka ce "sì" a kan abin da ba ka gane ba. Tarbiyyarmu ta koya mana kara, mutum yana magana muna "to, to" don kada ya ga mun wahalar da shi. A nan wannan kara tana da farashi. Wanda ya ce "sì, sì" da aka tambaye shi ko yanzu ya dawo aiki, an rufe ƙorafinsa ke nan. Wani kuma a tsakiyar kiran za a tallata masa ƙarin tsari, ya amsa, wata mai zuwa ya ga kuɗi ya hau. Ka ce "non ho capito, può ripetere?", ban gane ba, a maimaita. In ka ji "offerta", "promozione", "attivare" ko "registrazione", talla ce ta shigo, sai ka ce "no grazie, voglio solo risolvere il guasto", gyara kawai nake so. Haka kuma akwai masu kiran mutane suna cewa daga kamfaninka suke, wai za a ƙara kuɗi, su nemi "codice di migrazione", lambar da ake ɗauke layi da ita zuwa wani kamfani. Kamfaninka ba ya buƙatar ka karanta masa ita. In ma an riga an shigar da kai kwantiragi ta waya, dokar kare masu saye ta ba ka kwana 14 ka janye, ana kiran wannan "diritto di ripensamento".

Kada ka ajiye waya sai ka faɗi wannan: "Vorrei aprire una segnalazione di guasto." Ina so a buɗe rahoton lalacewa. A furta senyalatsiyone. Sannan "mi dà il numero della segnalazione?", a ba ni lambar rahoton, da "me lo manda per SMS?", a turo mini ta saƙo. Kiran da bai haifar da lamba ba, a wurin kamfani kamar ba a yi shi ba ne. Kai da ka riga ka kira sau ɗaya, ka fara da tambayar ko an buɗe wani abu a ranar: "Ho già chiamato lunedì, risulta una segnalazione aperta?", ka sa ranar da ka kira a wurin Litinin. Tambayoyi biyu suka rage. "Entro quando sarà risolto?", zuwa yaushe za a gyara, kuma in an ce "giorni lavorativi" ranakun aiki ake nufi, ban da Lahadi da ranakun hutu, a wasu kamfanonin har da Asabar. Sai "l'intervento è gratuito o a pagamento?", zuwan mai gyara kyauta ne ko da kuɗi. Ƙa'idar da aka saba ita ce lalacewar da ke kan layinsu nasu ne, wadda ke cikin wayoyin gidanka kuma taka ce.

Mai gyara "tecnico" ne, a furta tekniko. Za a ba ka "appuntamento" da "fascia oraria", wato tsakanin ƙarfe kaza da ƙarfe kaza. Kada ka yi mamaki in rigarsa ko motarsa ba ta ɗauke da sunan kamfaninka. Yawancin layukan intanet na ƙasar a hannun kamfanonin Open Fiber da FiberCop suke, na biyun shi ne ya karɓi layukan TIM a 2024, su kuma suna ba 'yan kwangila aikin. Abin da ya fi sa mai gyara ya juya bai shiga gidajen mutanenmu ba shi ne "citofono", ƙararrawar ƙofar gini. Ya zo ya duba bai ga sunanka ba, sai sunan mai gida ko na wanda ya tashi tun shekaru, ya rubuta "cliente assente", ba a sami mai layi ba, ya wuce. Tun a waya ka faɗa: "Sul citofono c'è scritto", wato a jikin ƙararrawar an rubuta, ka ƙara sunan da ke jiki, sannan matakala da hawan da kake, misali "scala B, secondo piano", matakala B, hawa na biyu. Ka tuna ƙasa "piano terra" ne, "primo piano" hawa ɗaya ne. In ya ce yana buƙatar shiga "locale contatori" ko "cantina", ɗakin mitoci ko na ƙarƙashin ƙasa, makullin yakan kasance wurin "amministratore", mai kula da ginin, gara ka nema tun kafin ranar. Ka yi masa tayin kofi, "Le offro un caffè?", al'adarsu ce kuma ta yi daidai da tamu. Kafin ya fita ka ce "proviamo insieme?", mu gwada tare, ka buɗe bidiyo a gabansa, sannan ka sa hannu.

In ranar da suka ɗiba ta wuce shiru, ka sake kira ka ce "vorrei sollecitare la segnalazione numero", ina so a hanzarta rahoto mai lamba kaza, ka karanta lambar. In hakan ma bai yi ba, magana ta koma rubutu, wato "reclamo". Ana aika shi ta PEC, imel mai ƙarfin doka, ko ta "raccomandata con ricevuta di ritorno" a gidan waya, wasiƙar da ake dawo maka da katin shaidar an karɓa. Ba ya buƙatar dogon Italiyanci. Bayan sunanka, codice fiscale da lambar layi, wannan ya isa: "La mia linea non funziona dal giorno 3 marzo. Ho aperto la segnalazione numero 0000. Chiedo la riparazione, il rimborso del canone e l'indennizzo." Wato layina ba ya aiki tun 3 ga Maris, na buɗe rahoto mai lamba kaza, ina neman gyara, mayar da kuɗi da diyya. Ka sa taka ranar da taka lambar. "Rimborso" mayar da kuɗin kwanakin da ba ka mora ba ne, "indennizzo" kuma diyya ce a kai. Ƙa'idar AGCOM ta 2018 ta sa Yuro 6 a kowace rana in layi ya ɗauke gaba ɗaya bisa laifin kamfani, Yuro 3 in yana zuwa yana tafiya, idan magana ta kai gaban hukuma. Hanyar kai ta can ita ce shafin ConciliaWeb, inda Corecom, ofishin kula da sadarwa na yankinka, yake zama tsakaninka da kamfani, kyauta, ba sai da lauya ba, ana shiga da SPID, shaidar shiga shafukan gwamnati, ko katin shaida na lantarki. Ƙungiyoyin kare masu saye irin su Federconsumatori da Adiconsum suna da ofisoshi a manyan garuruwa, suna taya cike takardun. Abin da ba na so ka yi shi ne ka daina biya cikin fushi ba tare da ka rubuta komai ba, domin bashin zai bi sunanka, kuma kai da kake da gaskiya ka koma mai laifi.

Da abokai da 'yan wurin aiki harshen ya fi sauƙi, "tu" ake yi. "Mi senti?", kana ji na. "Ti sento a scatti", muryarka tana yankewa. "Si è bloccato il video", hoton ya tsaya. "È caduta la linea, ti richiamo", layi ya yanke, zan sake kira. "Mi dai la password del Wi-Fi?" In da malamar yaranka ko wani ofis kake magana ta bidiyo, "mi sente?" za ka ce, sannan "scusi, ho problemi di connessione".

Game da yadda za su zauna a kai, shawarata ta farko ita ce ka mayar da harshen wayarka Italiyanci. Cikin mako guda "impostazioni", "rete", "dati mobili", "connesso" da "nessun servizio" za su zama abin da idonka ya saba da shi ba tare da ka zauna karatu ba. Ta biyu, ka samu abokin aiki Ba'italiye ku yi gwaji lokacin cin abinci, shi ne ma'aikaci kai ne mai kira, ka ce ya juya maka baya don kada ka ga bakinsa. Yawancin kamfanonin kuma suna da wurin rubuta saƙo a manhajarsu, wanda yake ba ka lokacin karantawa a nitse, kuma rubutun yana zama shaida in ka ɗauki hotonsa. Na san da yawa suna miƙa wa ɗansu ɗan firamare waya don shi ya iya harshen. Ban ga laifin ya zauna kusa da kai ya taya ka jin abin da ya kuɓuce ba, amma maganar kwantiragi da kuɗi nauyi ce da ba ta kamaci yaro ba, kuma yaro zai ce "sì" da sauri fiye da kai. Kai ka riƙe wayar, ka sa ta a lasifika.

In aikinka ya bar maka yamma, ka nemi CPIA mafi kusa da kai, makarantar gwamnati ta manya, akwai a Brescia kamar sauran larduna. Suna koyar da Italiyanci kyauta ko da ɗan kuɗin rajista kaɗan. Shaidar iya harshe ta matakin A2 da ake samu a can ita ake nema wajen takardar zama ta dogon lokaci, zama ɗan ƙasa kuma B1, matakin da ke sama da shi, ake nema tun ƙarshen 2018. Ka tafi da permesso ɗinka, wato takardar zama, da codice fiscale, ka tambaye su ajin yamma, "corso serale di italiano".